Kurkunun da Na Tsinke da Hannuna

Da sunan Allah da ke saukar da ciwo ya saukar da maganinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Garba mahauci, wanda abokan sana'a a Sakkwato ke kira Garba Ƙari, wai don in na ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama ɗan maraƙi a bakina. Ban musa ba. Amma abin da zan rubuta a nan har ragewa na yi. Na rubuta shi ne don duk wanda kurkunu ya fito wa ya sa a karanta masa tun hannunsa bai kai ga tsinke ba.

Shekarar da abin ya same ni, Nasara sun ɗan jima da zama a bayan gari, har mun daina fita kallonsu. Ina da shekara arba'in da wani abu, ga tumbi, ga murya. Aikina a mahauta igiyar ƙafa ne: in an kawo sa, ni ke jefa masa igiya a ƙafar baya in fizge shi ya kai ƙasa. Kullum bayan asuba in fita, in bi ta bayan Hubbare, in gaida tsohuwa mai ƙosai, ta ce mini tumbina ya ƙaru, in isa mahauta mu kada, mu feɗe, mu kasa, ungulaye na jere bisa katanga suna jiran rabonsu. Gobe ma haka. Shekara ashirin ina wannan, kuma na gaji da shi har cikin ƙashi. Nakan ce wa mutane da za a ɗaure ni cikin buhu a ajiye a ƙofar gida, buhun da kansa zai mirgina ya kai mahauta.

Matata Hajo, Allah ya jiƙanta, ɗiyar masunta ce daga Kwalkwalawa. Kun san tsakanin mahauta da masunta akwai wasa, su ce mana sarakan ƙuda, mu ce musu masu ƙarni. Don haka rabin zamanmu tsokana ne. 'Ya'ya biyu munka samu, duka sunka koma tun suna goye, sai munka zauna mu biyu. Hajo na da wani hali da ya daɗe yana ba ni dariya, wani lokaci ya ba ni haushi. Komai sabo ne a idonta. Kaza ta yi ƙwai, sai in ji kira daga bayan rumbu kamar gobara ta tashi.

"Maigida! Taho ka gani! Da ɗuminai!"

"Hajo, jiya ma ta yi."

"Na jiya mun cinye. Wanga ka taɓa ganinai?"

Ƙullun waina ya tashi, taho ka gani. Shamuwa ta dawo kan tsamiyar maƙwabta, taho ka gani. Mace mai furfura a goshi, amma in ta ga tururuwa na jan ƙwayar gero sai ta bar daka ta raka su da ido har bakin rami. Ni kuwa sau tara cikin goma ba na zuwa. Ina daga kwance nake cewa na gani.

Ruwa biyu ya sauka a daminar nan sai na tashi da jiri da tashin zuciya, jikina duk ya yi rudu-rudu. Kwana biyu bayan haka wani ƙurji ya taso mini a idon sawun dama, ya ɗuri ruwa, yana zafi kamar an ɗora garwashi an manta. Ba abin da ke sanyaya shi sai in tsoma ƙafar cikin ruwa. Rana ta uku ya fashe, sai ga wani farin abu kamar zare ya leƙo.

Hajo ta tsuguna ta dube shi, ta ce, "Kurkunu na. Maraba da baƙo."

Na ce, "Maraba? Danginku ne?"

"Mu mun tashi da shi bakin gulbi. Na naɗe ma babana huɗu, na naɗe ma Nomau biyu. Kai dai ka ba ni ƙahwa, ka riƙe bakinka."

Nomau ƙanenta ne, masunci, mutum siriri mai ƙarancin magana.

Makon farko dangi sunka cika gida da shawara. Kawuna ya ce a shafa kashin shanu mai ɗumi. Goggota ta ce a ɗaura ganyen tumfafiya, kuma kada a kira sunan abin a gabansa don in ya ji yakan yi fushi ya koma. Wani maƙwabci ya kawo rubutu, na sha, Allah ya saka masa. Wani kuma ya ce in daina cin duk abin da ke da tsawo. Na tambaye shi ko rake na ciki, ya ce rake ne kan gaba. Hajo ta ce wa kowa to, ta yi godiya, da sun fita ta ci gaba da abin da ta sani.

Ga yadda take yi. Da rana ta fito sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zauna ta miƙe, ta ɗora ƙafata bisa cinyarta. Ta riga ta ɗaure kan abin a jikin wani siririn tsinke. Sai ta riƙa ɗiga ruwan sanyi a bakin mikin, ɗis, ɗis, tana jira. In ya saki jiki ya fito kaɗan, ta murza tsinken da yatsa biyu. Da ta ji ya ɗan turje sai ta tsaya, ko da tsawon ƙwayar shinkafa ne kawai ta samu. Ta shafa man shanu, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, sai gobe. Wannan aikin kan ɗauke mu daga fitowar rana har hantsi ya dubi ludayi, kuma duk tsawon lokacin bakinta bai hutawa.

"Sannu baƙo, fito mu gan ka. Maigida, dubi ikon Allah. Ba ido, ba ƙahwa, ba hannu, amma ya san hanya cikin mutum."

"Na gani."

"Ba ka duba ba. Yau ya ba mu gaɓar yatsa guda! Jiya rabi ya ba mu."

"To a kira makaɗa."

Tana murzawa tana nuna mini abubuwa. Wai akwai ƙadangare mai jan kai da ke fitowa kan katanga daidai lokacin da inuwar rumbu ta taɓa turmi. Wai hayaƙin gidan maƙwabta kullum yana riga namu tashi amma namu na riga nasu miƙewa. Ni kuwa idona na sama, ina lissafin ko an kada sa na nawa a mahauta. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana tsine wa hanyar mahauta, ga shi kwana goma kacal ya fara mafarkinta.

A mako na uku wani abokin aikina ya zo dubiya. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya nemi gafara kuma na yafe, ko da yake har yau in ya zo sayen tsire wurina ƙashi nake zaɓar masa. Ya zauna ya ce an ba wani saurayi riƙon igiyata, kuma wai fizga ɗaya yake yi sa ya faɗi. Sannan ya leƙa tsinken ya yi dariya.

"Haba Garba! Kai da ka zare hanjin rago tun daga tumbi har ƙarshe bai tsinke ba, tsutsa ta kwantar da kai? Mace na murza maka awa mai kaɗi?"

Bayan ya tafi na tambayi Hajo saura nawa. Ta ce abin da ke kan tsinke bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, kuma wani yakan kai kamu biyu. Wata guda, ko biyu, sai yadda ya ga dama.

Maganar nan ta hanji ita ta zauna mini a rai, don gaskiya ce. Duk mahautar Sakkwato ba wanda ya kai ni zare hanji. Yatsuna sun san inda za su ja da inda za su sassauta. Na ce a raina, in dai jan abu mai santsi ne daga cikin nama, wa zai koya mini? Ɗiyar masunta?

Washegari da la'asar Hajo ta shiga maƙwabta barkar haihuwa. Na kwance tsumman. Na shafa mai a yatsu kamar yadda nake yi a wurin aiki, na yi bisimilla, na ja. Wallahi ya biyo. Tsawon yatsa guda ya fito a ja ɗaya, abin da take kwana uku tana lallashi. Na fara dariya ni kaɗai, ina shirya abin da zan ce mata. Na sake ja, ya ɗan turje. Nan ne take tsayawa. Ni kuwa na karkata hannu na ƙara ƙarfi kaɗan, kaɗan fa, irin wanda hanji ke so.

Sai na ji ɗas.

Guntun ya rage a hannuna, sauran ya shige ciki kamar an ja shi daga can. Na matsa, na tsoma cikin ruwa, na roƙe shi, har baƙo na kira shi. Shiru.

Hajo ta shigo ta same ni da tsinke a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta karɓi tsinken ta juya shi, ta dubi mikin.

"Mi kaka so da shi, maigida?"

"Cewa na yi in rage miki aiki. Ai hanji ma..."

"Hanjin rago, ragon ya mutu. Wanga da rai."

Wannan ne karo na farko da na ga ta dubi abu ba ta kira kowa ya zo ya gani ba.

Kwana biyu ƙafar ta zama tulu. Kwana huɗu ta zama ganga, fata ta yi sheƙi, zazzaɓi ya rufe ni har ina kiran shanu da sunayensu. Anka kira wanzami ya yi sakiya. Ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, mutum uku sunka danne ni, ya huda. Ihun da na yi an ce an ji shi a Kwalkwalawa, kifi ya ƙi kamuwa kwana biyu. Mugunya ta fita kusan ƙwarya guda, na ji sauƙi na yini ɗaya, kumburin ya dawo ya haura ƙwauri. Ya sake sakiya a wuri biyu. Tunkiyar Hajo a nan ta tafi wajen biyan wanzami, wadda ta yi kiwo tun tana 'yar mitsitsiya.

A mako na biyar na ji wani wari daga ƙafata. Kowa a gidan ya yi kamar bai ji ba. Amma ni mahauci ne. Na san warin nama in ya fara juyawa.

Nomau ne ya kawo maganar asibitin Nasara. Ya ce ya san wani masunci da ƙugiya ta ɓata wa hannu, can anka gyara shi. Kawuna ya tashi tsaye, ya ce muddin yana da rai ba za a kai ɗan 'yar'uwarsa wurin masu yanka mutum da ransa ba, gara in mutu da ƙafata biyu a binne ni cikakke. Goggo ta ce ta ji ana tara ƙafafun a kai su ƙasarsu. Ana cikin haka Hajo ta yi magana daga bayan zana, ita da ba ta taɓa ɗaga murya gaban kawu ba.

"Baba, ku yi haƙuri. Abin da na sani ya ƙare. A kai shi."

Mutum huɗu sunka ɗauke ni bisa gadon kara. Biyu daga cikinsu har yau wuyansu a karkace yake, in sun gan ni sai su canza hanya.

Asibitin wani dogon ɗakin ƙasa ne kusa da bariki, da wata bishiya a gaba inda ake jira. Mun isa da hantsi, ba a dube mu ba sai bayan azahar, don sai an gama da sojoji da 'yan doka da leburorin hanya kafin a waiwayi talaka. Wannan na rubuta shi a cikin ƙorafina, kuma ban janye ba. Likitan wani siririn Bature ne ja wur, da wani Banufe malamin asibiti da ke yi masa tafinta. Ya dubi ƙafar, ya dubi ramukan sakiya, ya yi wata magana gajera da tafinta ya ƙi fassarawa. Ya tsaga, ya matse, ya wanke. Sannan ya ɗauko wani alƙalami ya lashi tsininsa, ya ja zane shuɗi ya kewaye ƙafata, yatsa huɗu ƙasa da gwiwa.

Tafinta ya ce, "Likita ya ce in kumburi ya ƙetare wannan zane, sai zarto."

Na ga zarton. Yana cikin wani akwati mai gilashi a kusurwa. A matsayina na ɗan sana'a dole in faɗi gaskiya: haƙoransa ƙanana, a jere, ya fi duk wanda muke da shi. Na ce wa tafinta ya gaya wa likita ashe abokin aiki ne, sai dai shi ba ya kasawa. Bai fassara wannan ba ma.

Anka kwantar da ni cikin maza goma sha wani abu. Hajo ba ta da hanyar zuwa, ɗakin maza ne, kuma a lokacin matar aure ba ta taka wajen bariki. Nomau ya bar kominsa a gulbi ya tare a gidanmu, kullum shi ke kawo fura da tuwo. Ran da ya fara zuwa, ya ajiye ƙwarya ya yi gyaran murya.

"Hajo ta ce in tambaye ka, da gaske na Bature na da gashi har bayan hannu?"

Na ce, "Nomau, ana shirin yanke mini ƙafa, gashin Bature ya dame ta?"

"Ni dai aiko ni anka yi. In na koma ba amsa, ba ni ba tuwo."

Na ce ya gaya mata gashin ya kai na bunsuru, har kitso ake yi masa ran Lahadi. Washegari ya dawo.

"Ta ce ƙarya kaka yi. Ka sake dubawa."

Da likita ya zo zagaye sai na bar kallon zanen na kalli hannunsa. Gashin nan siriri ne, launin gemun masara, kuma in ya wanke hannu da ruwan sanyi sai ya miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya. Na aika mata da wannan. Nomau ya ce da ta ji sai da ta tafa hannu, ta sa shi ya maimaita sau uku.

Daga nan kullum da tambayarta. Wane launi ne ruwan da ake wanke mikin? Na duba: wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe ake jefawa cikin tasa, sai su saki wani launi tsakanin ja da shuɗi, yana murɗawa cikin ruwa kamar hayaƙi kafin ya gauraye. Wane tsuntsu ke fara kuka can? Ta wace taga rana ke shigowa, kuma gadon wa take fara taɓawa? In na yi ƙari ko na ƙwayar gero ne, sai saƙon ya dawo mini. Ban san yadda take ganewa ba.

Kumburin dai yana hawa. Ran farko saura yatsa uku ya kai zane, rana ta biyar saura ɗaya.

A kwanakin nan ne kewa ta kama ni irin wadda ban san akwai ta ba. In iska ta juyo daga gari da safe nakan ji kalangu can nesa, in san an fito da sa. Sai in rufe ido in bi hanyar taki-taki: kwanar da ruwa ke kwanciya, katangar Hubbare da baƙi 'yan ziyara na alwala a gindinta, hayaƙin ƙosai, tsohuwar nan da zagin tumbina. Na yi alkawari in na tashi zan tsaya ta zage ni sau biyu. Wata rana ungulu ta sauka bisa rufin asibitin, majinyata sunka hau salati wai mugun alami ne. Ni kuwa na ɗaga hannu na gaishe ta, na tambaye ta mutanen mahauta, don na tabbata ta san ni.

Amma abin da ya fi cina shi ne wankin miki. Malamin asibiti na da ƙwazo, Allah ya saka masa, sai dai hannunsa kamar na mai wankin turmi. Ya kwance, ya wanke, ya ɗaure, ya wuce gado na gaba, bai ce uffan ba. Kafin ka ce wash ya gama. Nan nake tuna tabarmar tsakar gida, da ɗumin cinyarta a dunduniyata, da ɗigar ruwan nan, da surutun da nake toshe wa kunne. Shekara ashirin da aure, ban taɓa zama da ita daga fitowar rana zuwa hantsi ba sai da kurkunu ya zaunar da ni. Da na bar shi, da ina da sauran safiya talatin ko arba'in irin wannan. Ni na sa yatsa biyu na fizge su.

Rana ta shida kumburi ya taɓa zanen. Likita ya danna, ya daɗe yana kallo, ya ce gobe da safe. Anka hana ni abinci daga la'asar. Da Nomau ya zo na ce ya mayar da tuwon, kuma ya gaya wa Hajo ta yafe mini. Ya ce zai faɗa, amma akwai tambaya.

"Yau ma?"

"Ta ce ka motsa yatsun ƙahwar, ka duba nawa ka amsawa, da wanda ya fara."

Na janye mayafi. Shekara arba'in da wani abu ina tafe bisa yatsun nan ban taɓa tsayawa na dube su ba. Ga babban, mai faɗi kamar na kawuna. Ga na biyu ya fi shi tsawo, ban taɓa lura ba. Ga ƙaramin da farcensa ya rabe biyu tun ran da wani bijimi ya taka ni ina saurayi. Sun kumbura sun yi sulɓi kamar jariran ɓera. Na ce su motsa. Babban ya yi ɗan noƙe. Na biyu ya bi shi. Can, bayan na cire rai, ƙaramin ya karkata gefe shi kaɗai. Ina daga nan sama, na yi niyya kawai a zuciya, abu can ƙasa ya ji ya amsa. Na sake, sunka sake. Na yi ta yi har rana ta sauka daga taga, hawaye na zuba cikin kunnena, Nomau na zaune yana kallon bango don kada ya ba ni kunya.

Na ce, "Uku. Babban ya fara."

Ya ce, "Ta ce ko ɗaya ya amsa, ka gaishe shi."

Da safe likita ya zo, malamin asibiti na biye da tire an rufe da farin ƙyalle. Na san abin da ke ciki. Ya kwance ƙafar. Kumburin na nan daidai kan zane, bai ƙetare ba, kuma fatar ta ɗan yi tamoji a gefe. Ya danna nan, ya danna can, ya sa hanci ya shinshina, abin da ya ƙara tabbatar mini ɗan sana'a ne. Ya ce a ƙara kwana ɗaya. Washegari ya ja baya da faɗin tsinke. Bayan kwana uku, yatsa guda. A mako na biyu sauran kurkunun ya riƙa fita a mace, guntu-guntu, cikin mugunya. Zarto ya koma akwatinsa. Maƙwabcin gadona, wani manomi daga ƙauye da nasa ya tsinke a gwiwa, bai samu wannan sa'ar ba. Ina tuna shi a addu'a.

Mako biyar na yi a can. Ran sallama likita ya faɗi abu biyu. Na farko, wai ƙwan abin cikin ruwan tafki yake, wanda na sha bara ne ya fito bana, don haka a tace ruwa da ƙyalle ko a tafasa. Na yi dariya a lokacin, amma tun da munka fara tacewa bai sake fito wa kowa a gidanmu ba, ku yi yadda kunka gani. Na biyu, jijiyar dunduniya ta ƙage, diddigena ba zai sake taɓa ƙasa ba. Igiyar ƙafa ta wuce ni. Yanzu zaune nake ina kasa nama da tsire, saurayin nan ke fizga, kuma in faɗi gaskiya ya iya.

Saboda haka, kai mai kurkunu: in ya turje, tsaya. In kana da mai naɗe maka, ba ta ƙafar ka zauna, kuma in ta ce ka duba, ka duba.

Bisa jaki na dawo gida. Tun daga hanya nake fargabar yadda za ta ga ƙafar, ta rame ta shanye, ga tabon sakiya uku da na tsaga. Na sauka a zaure, na karɓi sanda, na ɗingisa na ratsa tsakar gida. Ta share ta tas, an yi yayyafi da safe, ƙasar ta yi laushi. Hajo na tsaye bakin ɗaki, ta rame fiye da ni. Na shirya magana mai daɗi tun daga asibiti, amma sai na ga ba fuskata take kallo ba, bayana take kallo.

"Maigida, tsaya nan! Kada ka motsa. Waiwaya."

Na waiwaya. Ga sawuna a kan damshin ƙasa tun daga zaure. Na hagu cikakke, faffaɗa, na ƙaton mahauci. Na dama kuwa 'yan yatsu biyar ne kawai da ɗan tudu, ƙarami.

"Ka gani? Awa babba ya riƙo hannun yaro sun shigo tare."

Ta tsuguna ta auna ƙaramin da tafin hannunta. Ranar ba ta bar kowa ya bi ta wurin ba, masu zuwa barka duka ta gefen katanga sunka raɓa, har kawu.

Damina uku ta ƙara a duniya. Zazzaɓi ne na kwana shida, bai ba ni ko damar in rama jinyar ba. Yanzu matar ƙanena ke share gidan. Na roƙe ta ta riƙa yi tun kafin in fita, ta ɗauka tsabta ce ta dame ni. In na kai zaure nakan tsaya in waiwaya. Kullum suna nan, babba da yaro, sun nufi ƙofa.

Allah ya jiƙan Hajo, ya haskaka kabarinta, ya nuna mata abin da ido bai taɓa gani ba. Na san ba za ta gaji da kallo ba. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.